Tambayi Mai Gyara: Manhajar da ta ƙi fita daga waya

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Daga Marwa, daga Kuseri, har daga tsallaken gada a Njamena, kukan ɗaya ne: waya ta fito daga kwali ɗauke da manhajojin da ba wanda ya gayyace su, an danna an sake dannawa, sun ƙi fita. Shi ya sa na ba su filin gaba ɗaya. Masu tambaya kan batir mai kumbura ku yi haƙuri sai wata mai zuwa, amma kafin nan don Allah ku daina barin waya a caji a kan katifa. Zafin Garwa na watan Afrilu kaɗai ya ishe ta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam Mai Gyara. Na sayi sabuwar waya, na tarar da manhajoji wajen goma sha biyar da ban san su ba. Akwai wasanni, akwai wata kasuwar manhaja ta biyu, akwai mai kawo mini labaran da ban tambaya ba. In na danna su na riƙe, ba na ganin Désinstaller, wasu ko Désactiver ɗin ma ya dushe, ba ya dannuwa. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya ce da kwamfuta ana rubuta wasu kalmomi su fita. Gaskiya ne? Kuma ba zai kashe mini waya ba?
Daga wata malamar makaranta, Domayo, Marwa

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa miki.

Ma'ajiyar wayar Android kashi-kashi take. Akwai ɓangaren da kamfani ya zuba tsarin wayar ya kulle, waya tana karanta abin da ke ciki amma ba a gogewa, ba a ƙarawa. Akwai kuma naki ɓangaren, inda hotuna da saƙonni da duk abin da kika sauke da hannunki suke. Manhajar da ta ƙi nuna miki Désinstaller a ɓangaren farko take zaune. Ki ɗauka kin kama hayar ɗaki, kin tarar da tsohon gadon mai gida da akwatunansa a ciki. Ba ki da ikon kai su kasuwa. Abin da za ki iya shi ne ki sa a kwashe su daga ɗakinki a kai ɗakin ajiyar mai gida a rufe. Kin daina tuntuɓe da su, amma suna cikin gidan. Aikin da kalmomin nan suke yi ke nan, kuma da wannan fahimtar za ki gane duk sauran abin da zan faɗa yau.

Kayan aikin sunansa ADB, wato Android Debug Bridge. Google ne ya yi shi domin masu ƙirƙirar manhaja su riƙa ba waya umarni daga kwamfuta. Kyauta ne, yana cikin wani ƙunshi da ake kira Platform-Tools, akwai na Windows da Mac da Linux. A shafin Android na Google kawai za ki ɗauko shi. Kada ki karɓi na wani shafi da ya ce nasa ya fi ƙarfi, babu wani mai ƙarfi, guda ɗaya ne. Ba ya bukatar a fasa kullen wayar, ba ya bukatar filashin.

A kan wayar za a fara. Ki shiga Paramètres, ki gangara zuwa À propos du téléphone, ki nemo Numéro de build. A wayoyin Samsung yana cikin Informations sur le logiciel da sunan Numéro de version, masu waya da Turanci kuma za su ga Build number. Ki danna shi sau bakwai a jere. Ba surkulle ba ne, tun Android 4.2 a shekarar 2012 Google ya ɓoye wannan ƙofa haka don kada yara su faɗa ciki. Wayar za ta nemi lambar buɗe fuskarta, sannan wani sabon sashe ya bayyana, Options pour les développeurs, yawanci a ƙarƙashin Système. A cikinsa abu ɗaya tak za ki taɓa: ki kunna Débogage USB, wato ƙofar da kwamfuta ke bi ta kebul ta ba waya umarni. Sauran ki wuce su kamar ba ki gani ba.

Sai kwamfuta, in Windows ce. Ki warware ƙunshin da kika sauke, ki buɗe jakar platform-tools, ki danna wurin adireshi da ke sama, ki rubuta cmd, ki danna Entrée. Baƙar taga za ta buɗe. Ki jona wayar da kebul, ki rubuta:

adb devices

Ki dubi fuskar wayar, za ta tambaye ki ko kin yarda da wannan kwamfutar. Ki amince. In kin sake rubuta umarnin za ki ga wata doguwar lamba da kalmar device a gabanta. In unauthorized kika gani, ba ki amsa tambayar wayar ba tukuna. In kuma ba ki ga komai ba, kafin ki zargi kwamfuta ki canza kebul. Da yawa daga cikin masu arhar da ake ratayawa a bakin tasha wuta kawai suke ɗauka, babu zaren da ke ɗaukar bayani a cikinsu. Na taɓa ɓata yamma guda ina faɗa da direban Windows, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane waya, ashe kebul ne.

Yanzu wurin da ake bukatar natsuwa. Sunan da kike gani a ƙarƙashin hoton manhaja laƙabi ne, ADB kuma sunan yanka kawai ya sani. Facebook sunansa na yanka com.facebook.katana. YouTube shi ne com.google.android.youtube. Play Store kuwa com.android.vending, wa zai yi zato? Don ganin sunayen duk waɗanda suka zo da wayar:

adb shell pm list packages -s

Za su zubo miki ɗari biyu ko fiye, kada ki tsorata, mafi yawansu ba ruwanki da su. In kina neman guda ɗaya, ki ƙara guntun sunan a ƙarshe, misali adb shell pm list packages facebook, zai kawo duk masu wannan kalmar. In kuwa laƙabin bai yi kama da sunan yankan ba, ga dabarar da nake yi a teburina. Ki buɗe manhajar a wayar ki bar ta a fuska, sannan ki rubuta:

adb shell "dumpsys window | grep mCurrentFocus"

Layin da zai fito yana ɗauke da sunan yankan abin da ke buɗe a lokacin.

Kin samu suna? To kada ki yi saurin cirewa. Ki fara sa ta barci:

adb shell pm disable-user --user 0 suna.na.manhaja

A madadin suna.na.manhaja sai ki sa na gaskiya. Wannan --user 0 ɗin ke ce. Android yana iya ɗaukar mutum fiye da ɗaya a waya guda, mai wayar kuma shi ne lamba sifili. Ƙananan layuka biyu ne a gaban user, ba dogo ɗaya ba, kuma in allon rubutunki irin namu ne na Faransanci ki tuna sai an danne maɓallin Maj sifili da ɗigo suke fitowa. Manhajar za ta ɓace daga fuska, ta daina aiki a ɓoye. Ki yi kwana biyu kina amfani da wayar: ki kira, ki tura saƙo, ki ɗauki hoto, ki tura kuɗi, ki ga ƙararrawar asuba ta buga. In wani abu ya rikice, adb shell pm enable suna.na.manhaja zai tashe ta nan take.

Ni a wurina mutane da yawa nan ya kamata su tsaya, domin barcin ya biya bukata. Amma in kin fi son ta fita daga ɗakin gaba ɗaya:

adb shell pm uninstall -k --user 0 suna.na.manhaja

Zai amsa miki da Success. Harafin -k yana nufin a ajiye bayanan manhajar ko za a dawo da ita wata rana. Ranar da kika yi nadama kuma:

adb shell cmd package install-existing suna.na.manhaja

Ta dawo daga ɗakin ajiya, ba tare da ko intanet ba. Haka kuma duk ranar da aka yi wa wayar fomatin, dukansu za su dawo su zauna inda suke, wani lokaci babban sabuntawar tsarin waya ma yakan dawo da wasu. Akwai kuma wayoyin da kamfaninsu ya kare wasu manhajoji, kin rubuta daidai amma a amsa miki da Failure. Irin wannan ki ƙyale ta, kada ki shiga neman hanyar dole.

Zai kashe miki waya? In kin taɓa abin da bai kamata ba, zai iya hana ta tashi, karanta amsa ta uku. Ke malama ce, ba ki rasa littafin rubutu. Ki ware shafi guda, duk sunan da kika taɓa ki rubuta shi harafi da harafi tare da kwanan wata, kafin ki danna Entrée, ba bayan kin danna ba.

Tambaya: Wayata giga 32 ce, kullum tana kukan ta cika. Na ba wani yaro jaka biyu ya cire mini manhajojin kamfani har ashirin da kwamfutarsa. Na duba, wurin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. An cuce ni ne?
Daga wani mai shayi, Kuseri

Amsa: Ɗan'uwa, aikin ya yi maka shi, abin da bai yi ba shi ne faɗa maka gaskiya kafin ya karɓi kuɗin. Gadon mai gida yana ɗakin ajiya, ɗakin ajiyar kuma ba a taɓa lissafa shi cikin hayarka ba. Wurin da manhajar kamfani ta tare a kulle yake, ko ta tafi ba zai dawo hannunka ba.

Abin da kake iya samu shi ne abin da ta tara a naka ɓangaren: sabuntawar da ta sauke da tarkacen da ta ajiye. In yaron ya sa -k, tarkacen yana nan. Tsarin da ya dace shi ne kafin cirewa a shiga manhajar ta Paramètres a danna Désinstaller les mises à jour, sannan a share bayananta, ko a rubuta adb shell pm clear suna.na.manhaja. Daga nan sai a cire.

Jaka biyun ba ta tafi a banza ba dai. Manhajojin nan ashirin sun daina tashi a ɓoye, sun daina shan batir da data, sun daina cika maka fuska da sanarwa. Amma ɓarawon wurinka na san shi ko ban ga wayar ba. Buɗe WhatsApp, shiga Paramètres, Stockage et données, Gérer le stockage. Bidiyon biki, bidiyon wa'azi da aka turo maka a zaure uku daban-daban, katunan barka da Juma'a na shekara biyu. Na taɓa kwashe wa wani kwastoma giga tara a wurin nan, yana zaune yana shan irin shayinka, bai kai ga ƙarasa kofin ba.

Tambaya: Malam, na samu wani jeri a intanet mai sunaye sama da ɗari, an ce duk ba su da amfani. Ina so in kwafe su in zuba gaba ɗaya in huta. Sana'ata tura kuɗi da sayar da kiredi ce, wayar ita ce shagona.
Daga wani mai rumfar tura kuɗi, Yelwa, Garwa

Amsa: Ƙanena, kai da kanka ka ba da amsar: wayar ita ce shagonka. Wanda ya rubuta jerin nan wataƙila a Turai yake, da wata waya daban, kuma bai taɓa tura ko dala ta layin waya ba. Abin da ba shi da amfani a wurinsa zai iya zama jarinka.

Bari in tona wa kaina asiri. Shekarun baya, lokacin da nake sabon shiga a wannan aiki na ADB, bayan na baro gyaran rediyo da kaset, wani Alhaji dillalin shanu ya kawo mini waya in rage mata kaya. Ranar Juma'a ce, an kusa kiran salla, ina sauri. Na ga wani suna, com.android.stk, ban san shi ba, ga shi ƙarami, na haɗa da shi. Waya ta tashi lafiya, Alhaji ya biya ya tafi. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo daga kasuwar shanu ta Adumri ransa a ɓace. Ashe wannan ɗan sunan shi ne ke nuna jerin ayyukan da ke cikin layin waya, shi kuma Alhaji ta nan ya saba tura kuɗi, bai haddace lambobin dannawa irin su *126# ko #150# ba. Ya tsaya a gaban mai shanu, an yi ciniki, an tafa, ya laluba waya bai ga ƙofar kuɗinsa ba. Maganganun da ya faɗa mini ba na mujalla ba ne, kuma na cancanci rabinsu.

Gyaran layi ɗaya ne. Matsalar ita ce ban rubuta abin da na cire ba. Sai da na fito da jeri biyu, na adb shell pm list packages da na adb shell pm list packages -u, wanda ke haɗawa har da waɗanda aka cire, na zauna ina gwada su ɗaya bayan ɗaya har bayan la'asar, Alhaji yana kan benci yana kallona. Tun daga ranar akwai littafi mai baƙin bango a teburina, kowace waya da shafinta.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin wayar tana tashi. Mai wuyar shi ne wanda wani yaro ya kawo mini daga baya. Ya zuba irin jerin da kake magana a wayar yayarsa, ya kashe Débogage USB, ya sake kunna wayar. Ta tsaya a tambarin kamfani, ta mutu, ta tashi, ta sake tsayawa. Kwamfuta ba ta da ƙofar shiga, don shi da kansa ya rufe. Abin da ya rage shi ne fomatin ta maɓallan gefe, hotunan suna da na biki duk suka tafi. Da ta tashi kuma sai ta ce a sa adireshin Google da kalmar sirrin da ke kanta a da, wani tsaro ne da Android ke da shi tun 5.1 saboda ɓarayi. Yayar ba ta san su ba, wanda ya sayar mata da wayar ne ya buɗe mata. Sai da aka yi mako ana neman mutumin.

Saboda haka ga waɗanda hannuna ba ya zuwa kusa da su. Com.android.systemui, shi ne sandar sama da fuskar kulle. Com.android.settings da com.android.phone, sunansu ya faɗi aikinsu. Duk sunan da ke da kalmar providers a ciki, domin su ne ke riƙe lambobin mutane da saƙonni da abin da aka sauke. Com.google.android.gms, wanda manhajoji masu yawa suke jingine da shi, har da na banki. Duk mai webview ko packageinstaller a sunansa. Allon rubutu, domin in kalmar buɗe wayarka ta haruffa ce ka cire shi, da me za ka rubuta ta? Da kuma manhajar da ke shimfiɗa maka fuskar gida, wadda kamfanoni ke ba sunaye daban-daban. Abin da ya rage, in ba ka san aikinsa ba, rashin saninka ba hujja ba ce a kansa.

Ka ɗauki uku ko huɗu da suka fi damunka, waɗanda kake gani da idonka. Sa su barci, kashe wayar ka kunna tun Débogage yana kunne kuma kwamfuta tana kusa. Sai ka ga ta tashi lafiya, ka gwada tura ɗari biyar zuwa ɗaya layinka, sannan ka rufe ƙofar.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, a gidanmu ma babu. Akwai yadda zan yi da wayar kaɗai?
Daga wani ɗalibi, Njamena

Amsa: Akwai, in wayarka Android 11 ce ko sama, wato irin waɗanda suka fara fitowa daga 2020. A cikin Options pour les développeurs za ka ga Débogage sans fil. Da shi waya tana iya ba kanta umarni. Sharaɗin shi ne ta kasance a jone da wifi. Ba dole wifin ya kasance da intanet ba, abokinka ya buɗe maka na wayarsa ya wadatar.

Za ka sauke Termux, wadda baƙar taga ce a cikin waya, ka rubuta pkg install android-tools. Wannan matakin kam yana son data. Sannan ka raba fuskar wayar biyu, Termux a ƙasa, Paramètres a sama, domin lambar haɗi mai alƙaluma shida da za ka nema a cikin Débogage sans fil tana ɓacewa da zarar ka bar shafinta. Ka rubuta adb pair localhost: ka liƙa masa lambar ƙofar da aka nuna a shafin alƙaluman shida, ka danna Entrée, sannan ka sa alƙaluman shidan. Daga nan adb connect localhost: da lambar ƙofar da ke babban shafin. Lambobin ƙofar biyu ba ɗaya ba ne, a nan kowa yake faɗuwa a karon farko. Sauran umarnin duk irin na sama ne.

Sai dai ka lura da wani abu. In ka ɓata wayar, kayan gyaran suna cikin wayar da ta ɓaci. Don haka kai barci kawai na yarje maka, ban da cirewa. In kuma ka zaɓi zuwa shagon da ake buga takardu ka ari kwamfutarsu, kada ka danna Toujours autoriser, kuma da ka gama ka shiga ka soke izinin da ka ba ta, yana nan ƙasa da Débogage USB. Kwamfutar da waya ta amince da ita tana iya sa manhaja da kwashe fayil ba tare da ta sake tambaya ba.

Tambaya: Na karɓi waya bashi, ina biya duk mako. In na yi latti kwana ɗaya sai ta kulle. An ce wata manhaja ce a ciki. Wane umarni zai cire ta?
Daga wani mai haya da babur, Ngaundere

Amsa: Ɗan'uwa, bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ga laifinka don ka ci ba. Na kuma san yadda mako ke zuwa babu fasinja, ga mai ya yi tsada. Amma wannan ba zan koya maka ba. Manhajar nan ita ce jinginar da ka yarda da ita ranar da ka karɓi wayar, da ba don ita ba da ba su ba ka ba.

Ko ta fuskar aiki ma, ba irin sauran ba ce. An naɗa ta mai kula da wayar tun ranar da aka fara kunna ta, Android kuma ba ya yarda a cire mai wannan matsayi. Wanda ya gwada yakan ga DELETE_FAILED_DEVICE_POLICY_MANAGER, sau da yawa ma Débogage ɗin a toshe yake. Masu cewa ka kawo jaka biyar su buɗe maka, na ga wayoyin da suka fito daga hannunsu: wata ta sake kullewa da ta ga intanet, wata ba ta sake tashi ba, bashin kuma yana nan. Ka je wurin da ka karɓa ka nemi a sassauta maka kwanakin biya. Ranar da ka gama, ka tsaya a gabansu sai sun sake ta.

Masu sayen waya ta hannu kuma ku ji: in an kawo muku sabuwa fil a rabin kuɗi babu takarda, ku yi tunanin wannan wasiƙar.

Tambaya: iPhone gare ni. Zan iya yin haka?
Daga wata mai ɗinki, Gidar

Amsa: A'a 'yar'uwa, ADB na Android ne kawai. Ke ma ba ki bukatarsa. Tun iOS 10 a 2016 ana iya kawar da yawancin manhajojin da suka zo da iPhone ta hanyar danna su a riƙe, in an so su kuma a dawo da su daga App Store. Irin su Réglages da Téléphone ne ba sa fita, kuma ba ki son su fita.

Tambaya: Wayar mahaifina tana jefo tallace-tallace, wasu na rashin kunya, ko yana cikin sauraron karatu. Rannan a gaban baƙi ta yi. Na duba duk manhajojinsa ban ga baƙuwa ba. Ya ce zai jefa ta a kogin Binuwai.
Daga wata ɗiya mai damuwa, Garwa

Amsa: 'Yata, ki ba Baba haƙuri, ki ce masa Binuwai ba ta yi laifin komai ba. Wannan da wuya ya zama aikin manhajar kamfani. Kusan kullum wata ce aka sa daga baya: jika ya karɓi wayar ya sauke wasa, ko an tura masa wata mai cewa tana wanke waya ko ƙara ƙarfin batir. Irinsu sukan ɓoye hotonsu, ko su bar wurin sunansu fari fat, shi ya sa ba ki gan ta ba.

Fara da gwaji marar kwamfuta. Ki danna maɓallin kashewa, ki ɗora yatsa a kan Éteindre ki riƙe, yawancin wayoyi za su tambaye ki ko su tashi a mode sécurisé. A wannan yanayin duk abin da aka sa daga baya yana barci. In tallar ta tsaya, kin tabbatar baƙuwa ce. Ki sake kunna wayar yadda aka saba, ki jona da kwamfuta kamar yadda na nuna wa Malama, ki rubuta:

adb shell pm list packages -3 -i

Lamba 3 tana nufin waɗanda aka sa daga baya kaɗai, -i kuma yana nuna ta inda kowace ta shigo. A nan ba mai iya ɓuya, ko ba ta da hoto sunanta zai fito. Wayar dattijo ba ta cika wuce goma sha biyar ba: WhatsApp, Alƙur'ani, lokutan salla, wataƙila rediyo. Wadda ta zo daga Play Store za ki ga com.android.vending a gabanta. Wadda aka rubuta null ko wani suna daban, ita za ki fara tuhuma, ko da yake ta Play Store ma ba a rantse mata. In tallar ta faɗo kina wurin, kada ki rufe ta, ki rubuta umarnin mCurrentFocus na sama, sau da yawa yakan kama ɓarawon da kaya a hannu. In ya nuna miki Chrome, ba shi ne mai laifin ba, aiko shi aka yi, ko kuma wani shafi ne aka ba izinin sanarwa, sai ki shiga saitin Chrome ki janye.

Da kin gane ta, wannan ba kayan mai gida ba ne, waje za a yi da ita gaba ɗaya:

adb uninstall suna.na.manhaja

In ta ƙi, ta naɗa kanta mai kula da waya ne ta hanyar yaudarar wanda ya danna mata Activer. Ki rubuta administration a wurin bincike na Paramètres, ki buɗe jerin masu kula da wayar, ki cire mata alamar, ki maimaita umarnin. Sannan ki kashe Débogage USB, domin wasu manhajojin banki ba sa buɗewa in yana kunne.

In duk wannan ya yi miki yawa, teburina yana babbar kasuwa, layin masu gyaran waya, ki tambayi mai baƙin littafi. Ki zo da wayar da cajinta, ki zo da safe kafin a ɗauke wuta. Jikan kuma a bar shi a gida.